Guzurin Mai Kwanan Daji: Yadda Ake Zaɓensa da Yadda Ake Haɗa Shi

(Kiɗan buɗe shiri)

 Jama'a masu sauraro, wannan shirinmu ne na faɗakarwa, wanda ke zuwa muku daga nan Gaya ta jihar Dosso, a bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. Muna miƙa gaisuwa ga mutanen Tanda da Tunuga da Bana da Bengu da Yelu, da maƙwabtanmu na Malanbil a tsallaken gada, da 'yan uwanmu na Kamba a Najeriya. 

Yau maganarmu a kan guzuri take, guzurin wanda zai kwana a inda babu kasuwa, babu mai tuwo, babu gidan da zai yi sallama a miƙo masa akushi. A wannan yanki namu irin waɗannan mutane suna da yawa. Akwai makiyayi da ke bin shanu wajen kiwo. Akwai masunci da ke kafa bukka a tsibiri. Akwai manomi mai kwanan gona lokacin girbi, da masu aikin giginya a Dallol Mauri, da ma'aikatan gandun daji masu sintiri, da matasa 'yan sikawut da ke fita zango. Har direbobin manyan motoci suna ciki, domin kowa ya shaida yadda, bayan rufe iyaka a ƙarshen watan Yulin 2023, motoci suka yi dogon layi, direbobi da yaran mota suka share makonni a bakin hanya. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. To me ya kamata mutum ya zuba a jakarsa, kuma yaya zai yi abin ya kai shi ya dawo da shi bai lalace ba? Ku gyara zama.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, wannan ilimi gadonmu ne. A ƙarni na 19, ayarin fatake masu fataucin goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan taso daga Kano da Sakkwato, su ƙetare kogin nan ta wajen Gaya da Illo, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, har su isa Salaga ta ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta watanni, a ƙasa, da jakuna. Madugu ya san tsakanin wane zango da wane zango ne babu abin saye, kuma kowane falke ya san abin da zai riƙe cikinsa a wannan tsakani. Cikin hajar da suke kaiwa Gwanja ma har da busasshen ganyen albasa, wato gabu. Can arewa kuma, Buzaye masu ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma suna ratsa Tenere da dakakken gero da dabino da cuku, su dama da ruwa su sha.

A Turai da Amurka, masu hawan duwatsu da masu yawon daji suna sayen abincin da injin ya daskarar sannan ya tsotse ruwansa, a zuba a fakiti. Sai dai kawai su zuba ruwan zafi su ci. Yana da tsada, kuma ba a kasuwarmu yake ba. Amma dabarar ɗaya ce da ta kakanninmu: a cire wa abinci ruwa, ya yi sauƙin ɗauka, ya daɗe.

Me ya sa bushewa ke kare abinci? Ƙwayoyin cuta da funfuna, kamar kowane mai rai, sai da ruwa suke hayayyafa. Ɗanyen nama, kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne. Ɗanyen kifi ma haka, har ya ɗan ɗara. Idan rana ko hayaƙi suka janye wannan ruwa, ƙwayoyin sun rasa abin rayuwa, kuma kayan da da sai jaki, yanzu sai ka rataya a kafaɗa.

Sai dai mu mutanen Gaya akwai abin da ya kamata mu sani. Yankinmu ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara, alhali Agadas ba ta samun ko 200. Ga kogi, ga fadamu, ga raɓa. Kilishin da zai yi watanni lafiya lau a Agadas, a nan da damina yana iya yin laushi ya fara funfuna cikin ɗan lokaci. Saboda haka aikinmu biyu ne: abinci ya bushe sarai, sannan ya zauna a bushe. Lokacin da ya fi dacewa da shanya shi ne daga hunturu zuwa bazara, wato Nuwamba zuwa Afrilu. Uwar gida mai hangen nesa a nan take tanadin kayan damina.

(Gajeren kiɗa)

Kafin ka je kasuwa, ɗan uwa, tambayi kanka abu uku. Kwana nawa zan yi, kuma mu nawa ne? Akwai ruwa a inda za ni? Zan samu damar hura wuta kullum, ko kuwa akwai ranar da ba zan samu ba? Amsar waɗannan ita ce za ta zaɓa maka guzuri.

Mu fara da lissafi. Namiji mai aikin ƙarfi, mai bin shanu ko jan koma, yana buƙatar kalori wajen 3000 a rana. A busasshen abinci, wannan ya kama daga rabin kilo zuwa giram 700, idan an haɗa da mai da gyaɗa. Tiyar gero kuwa kilo biyu da rabi ce ko kusa da haka, ke nan za ta kai mutum ɗaya kamar kwana huɗu. Bayan ka gama lissafi, ƙara na kwana ɗaya ko biyu a kai. Kwalekwale na iya lalacewa, saniya na iya ɓata, ruwa na iya tsare hanya, baƙo kuma na iya sauka a bukkarka.

Sai ka raba guzurin gida huɗu.

Gida na farko shi ne mai ba da ƙarfi. Sarkinsu a nan garin rogo, wanda ke shigo mana daga Benin da Najeriya, domin ba ya neman wuta. Zaɓi wanda ya soyu, mai ƙaras-ƙaras a baki, wanda idan ka damƙa a hannu ka saki zai warwatse. Wanda ya dunƙule, da sauran ruwa a jikinsa. Kyakkyawar sarrafawa, wato jiƙo da matsa da suya, ita ce ke fitar da gubar da ke cikin rogo mai ɗaci, don haka kada araha ta ja ka ga garin da bai ji wuta ba. Bayan gari akwai soyayyen garin gero na gumba ko na kunu, da busasshen dambu, da shinkafarmu ta bakin kogi, da taliya ga mai hali.

Gida na biyu shi ne mai gina jiki: ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, kilishi, bandar kifi, cuku, madarar gari, da wake. Wake yana da kyau, amma yana cin itace da ruwa da lokaci. Dabara ita ce a tafi da shi a matsayin garin ɗanwake, an riga an haɗa shi da garin rogo da kuka. Ka kwaɓa da ruwan kanwa, ka jefa a tafasasshen ruwa, cikin ɗan lokaci ka ci ka ƙoshi.

Gida na uku shi ne kayan miya da ganye: kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, tattasai, gabu, daddawa, busasshen zogale da yakuwa, da gishirinmu na Dallol Foga. A nan ne matafiya suka fi yin sakaci. Mutum zai yi mako biyu yana shan gari da sukari safe da yamma, sai ciki ya ɗaure, baki ya fashe, jiki ya yi sanyi. Tafin hannu ɗaya na busasshen zogale, a jiƙa a tafasa a kwaɗa da ƙuli, irin wanda 'yan uwanmu Zabarmawa da Dandawa ke kira kopto, yana gyara wannan matsala.

Gida na huɗu shi ne na aljihu, wanda za ka ci kana tafe: dabino, dakuwa, aya, nakiya, tsamiya ta jiƙo, da 'yar kwalbar man gyaɗa. Kada ku raina mai. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali giram ɗaya na gari ko sukari 4 yake bayarwa. Ke nan mai ya ninka gari ƙarfi har da ɗori, ga shi ba ya cin wuri a jaka.

A nan zan ja kunne kan abu ɗaya. Akwai fakitin tunkuzar gyaɗa mai suna Plumpy'Nut da ake bayarwa a gidajen likita. Magani ne na yaran da tamowa ta kama. Babban mutum ya saye shi a kasuwa ya sa a jakar tafiya, ya sani abincin yaro marar lafiya ya ci. Mu bar wa yara kayansu.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mu shiga tsakar gida, iyayenmu mata da mahauta, mu ga yadda ake haɗawa.

Mu ɗauki kilishi, wanda Nijar ta yi suna a kansa, musamman Madawa da Tasawa da Gidan Runji. Tsoka zalla ake nema, a cire kitse da jijiya, domin kitse ne ke fara ɗoyi ya ɓata sauran. Sai mai wuƙa ya zauna ya feɗe tsokar, yana warware ta a hankali har ta zama shimfiɗa guda, siririya yadda idan ka ɗaga ta za ka hango hasken rana. A baza a kan gadon kara, sama da ƙasa, a rana mai ƙarfi. Idan ya bushe, a tsoma shi a labu, wato tunkuza da aka dama da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa da gishiri. A sake shanyawa. Daga ƙarshe a gasa shi sama-sama a kan garwashi. Wannan gashin na ƙarshe kada a tsallake shi, domin zafin wuta ne ke gamawa da ƙwayoyin cutar da rana ba ta kashe ba. Kuma a bar shi ya huce sarai kafin a naɗe. Kilishin da aka ƙulle da ɗuminsa zai yi gumi a cikin leda, gumin nan kuwa shi ne mafarin funfuna.

Ganye kuma dokarsa daban. Zogale da yakuwa da rama, a wanke su, a tsane, a baza a inuwa inda iska ke kaɗawa. Rana mai zafi tana ƙone wani ɓangare na bitamin ɗin ganye, shi ya sa wanda aka shanya a inuwa yake fitowa kore shar, na rana kuwa ya koɗe. Kuɓewa da tumatir a yanka su sirara, kauri ɗaya, don su bushe tare. Da yamma a kwashe shanya a shigar ɗaki kafin raɓa ta sauka, gobe a sake fitarwa.

Yaya za a gane ya bushe? Ganye, idan kin murza, ya zama gari. Kuɓewa ta karye ƙas. Ƙuli ya yi ƙara a haƙori. Bandar kifi kuma, ka karya ta biyu ka duba ciki: idan tsokar da ke jikin ƙaya tana da laushi da danshi, wannan ta cin yau da gobe ce, sai an mayar da ita kan hayaƙi kafin ta shiga jakar tafiya. Ka buɗe kan kifin ka leƙa, ka bubbuga shi a tafin hannu. Idan gari-gari ya zubo ko tsutsa ta fito, ƙwari sun riga ka.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ga abubuwa uku da ke mayar da guzuri cuta. Ina roƙon ku saurara da kyau.

Na farko funfuna. Gyaɗa da masara da suka sha danshi suna yin wata funfuna mai fitar da guba da likitoci ke kira aflatoksin. Wannan guba tana lalata hanta, tana jawo sankarar hanta, tana tauye girman yara. Abin tsoron shi ne suya da dafuwa ba sa kawar da ita. A shekarar 2004, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da wannan guba ta kama. Don haka kafin a soya gyaɗar guzuri, ko a yi ƙuli ko dakuwa, a zauna a tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Duk ƙwayar da ta motse, ko ta canza launi, ko ƙwaro ya huda, ko take ɗaci, a zubar. Kada a ce asara ce a ba yara ko a tura wa mai yin ƙuli.

Na biyu maganin ƙwari. Wasu 'yan kasuwa suna yayyafa piya-piya ko Sniper a kan wake da busasshen kifi don kada ƙwari su taɓa. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta sha yin gargaɗi a kan wannan. Guba ce, kuma cikin mutane take ƙarewa. Idan ka sunsuna kifi ko wake ka ji warin magani, ajiye ka wuce. Ku kuma 'yan uwanmu 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah, wanda zai ci kayan nan yana iya zama ɗanku. Hanyar tsira tana nan: buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da abokan aiki irin su cibiyar binciken noma ta INRAN, aka fara yaɗa shi tun 2007. Idan an ɗaure kowane riɓi da kyau, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu da kansu ba tare da ɗigon magani ba. Ga ɗan guzuri kaɗan, busasshiyar jarka ko gorar roba mai murfi, a cika ta fal a toshe, ita ma tana yin wannan aiki.

Na uku ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci, kuma an sha samunsa a Najeriya da Benin, maƙwabtanmu na kusa. Shanya a ƙasa ko a gefen kwalta gayyatar ɓera ce, ga ƙura, ga tumaki, ga hayaƙin mota. A ɗaga shanya sama a kan rumfa ko gado, a rufe da gidan sauro mai tsabta saboda ƙuda. A daji ma, a rataye jakar abinci a reshe, kada a bar ta a ƙasa cikin dare.

(Gajeren kiɗa)

Saura shiryawa. Ƙulla abincin kowace rana daban. Idan buhu ɗaya kake buɗewa safe da yamma da jiƙaƙƙen hannu, kafin mako ya ƙare danshi ya gama da shi. Masunta, ku zuba ƙulle-ƙullenku a bokiti mai murfi, ku ɗora shi sama da ruwan da ke taruwa a gindin jirgi. Kada abinci ya haɗa wuri da fetur ko kananzir ko sabulu ko maganin feshi, gari yana jan wari. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin gona kuwa, ko an wanke ta sau nawa, ba ta abinci ba ce, ba ta ruwan sha ba ce. A fara cin abin da ke saurin lalacewa, kamar dambun nama da dakuwa masu maiƙo, a bar gari da ƙuli da dabino su zama na ƙarshe. Ashana ko laita a ƙulle a leda, a ajiye a wuri biyu.

Sai babbar magana, ruwa. Busasshen abinci da ruwa ake tashinsa, kuma mai cin sa ya fi jin ƙishirwa. Ka tsince gyaɗarka, ka gasa kilishinka, ka ƙulle garinka tsaf, sannan ka jiƙa shi da ɗanyen ruwan tabki, ka rushe duk aikinka. Ba mu manta ba, a 2021 kwalara ta shiga jihohi da dama na ƙasar nan, har da Dosso. Idan ruwan ya gurɓace, bar shi ya kwanta, ka tace da tsabtataccen ƙyalle. Dakakkiyar ƙwayar zogale tana taimakawa wajen kwantar da laka, amma ba ta isa ita kaɗai ba. Bayan tacewa, a tafasa ruwan har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar Aquatabs gwargwadon yadda aka rubuta a fakitinta, a jira minti 30 kafin a sha.

Kowane mai tafiya ya riƙe fakitin gishiri da sukari na gudawa, ana samunsa a gidan likita da kantin magani. Idan babu, ga yadda ake haɗawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, shafaffe ba mai tozo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Idan gudawa ta yi yawa, ko da jini, ko amai ya hana ruwa zama, a bar komai a nufi likita mafi kusa.

Idan an gama girki, a kashe wuta da ruwa ko ƙasa har sai ka taɓa tokar ka ji ta yi sanyi. Garwashi ɗaya da iskar hunturu sun isa su cinye makiyayar da garke da yawa suka dogara da ita. Ledojin ƙulli kuma a tattara a dawo da su gida, domin dabbar da ta haɗiye leda ramewa take yi har ta mutu. Masu nufin wajen gandun dajin W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa, ku sani wuri ne mai doka, kuma matsalar tsaro ta shafe shi a 'yan shekarun nan. A nemi bayanin hukuma kafin a kama hanya, a kuma sanar da na gida inda za a je da ranar dawowa.

(Kiɗan rufe shiri)

Jama'a masu sauraro, lokaci ya ƙure mana. Duk abin da muka lissafa yau, daga gari da ƙuli zuwa kuka da zogale da banda, yana nan a kasuwar Gaya da ta Malanbil da ta Kamba, wani ma a bayan ɗakinku yake. Abin da ake nema daga gare mu shi ne kula: a tsince, a shanya a sama, a bari ya bushe sarai, a ƙulle inda danshi ba ya shiga, a jiƙa da ruwa mai tsabta. Iyayenmu mata, ku yi amfani da ranar bana ku tanadi kayan damina tun yanzu. Iyaye maza, kada ku sallami yaro zuwa kiwo ko su sai kun buɗe jakarsa kun ga abin da zai ci da abin da zai sha. Wanda ya ji kuma ya isar wa wanda bai ji ba, musamman 'yan uwanmu da ke ruga da tsibirai.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.